Yatsu Su Ne Idon Yaro Makaho

A Unguwar Jabi da ke Abuja akwai makarantar yara makafi ta Babban Birnin Tarayya, inda ake koyar da karatu da yatsu. Abin da ake karantawa shi ne rubutun Braille, watau wanda Louis Braille, wani makahon yaro ɗan ƙasar Faransa, ya ƙago a cikin 1824 yana ɗan shekara 15. Ɗigo 6 ne kacal, 3 a hagu 3 a dama, amma da su ake fitar da alamu har 63.

Ba a fara wa yaro da harafi. Sai an hori yatsunsa tukuna, ya iya bambanta wake da masara, da santsi da kaushi. Daga nan a ba shi allo da tsinken hudawa. A nan wuyar take, domin daga dama yake huda takarda zuwa hagu, sa'an nan ya juya ta ya karanta daga hagu. Tafiretar Perkins, wadda ta fito a cikin 1951, ta rage wannan wahala, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin talaka.

Yanzu kuma ga waya da kwamfuta masu karanta rubutu da murya, har akwai manhajar NVDA da ake samu kyauta. Amma yaron da ya dogara ga kunne kaɗai zai girma bai san yadda ake harhaɗa kalma ba, don haka na'ura ba ta maye gurbin yatsa.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a Arewa, gama tun 1953 aka buɗe makarantar makafi ta Gindiri. Har ila yau, dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ba su ilmi kyauta har zuwa sakandare.

To, saura iyaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uban da ya miƙa wa ɗansa makaho ƙoƙon bara ya yi hasarar yara biyu, da makahon da ɗan jagoransa. Wanda Allah Ya jarrabe shi da irin wannan yaro, ya kai shi makaranta tun yatsunsa na da taushi.