Kwarkwatar Kifi da Ƴan'uwanta: Masu Cin Kifi Tun Yana Ruwa



Ka san kaska a jikin saniya. Ka san ƙuma a akurkin kaji. To, kifi ma yana da nasa masu shan jini, kuma zamansa cikin ruwa dare da rana bai wanke shi daga gare su ba. A kogin Kwara suna nan, a Komadugu suna nan, haka a tabkin Madarunfa da na Tabalak da na Gidimuni. Yawancin shekara ba ka lura da su, domin kifi mai lafiya cikin ruwa mai yalwa yana ɗauke da ɗaya ko biyu ba tare da ya rame ba. Ɓarnarsu tana da lokaci, tana kuma da dalili.

Dubi yadda tabki ke yi. Da damina ya cika ya batse, kifi ya watsu cikin ciyawa, kowa da gefensa. Daga watan Maris zuwa Yuni ruwa ya janye, ya yi ɗumi, ya yi kauri. Kifin da ke yawo a fili mai faɗi yanzu ya matsu a ɗan kwari guda. Ƙwaron da a da sai ya yi iyo mai nisa kafin ya sami kifi, yanzu daga wannan jiki sai wancan. Zafi kuma yana gaggauta ƙyanƙyasar ƙwansa. Ramin kiwon da aka cika wa kifi fiye da kima, shi kullum a cikin bazara yake, ko da kuwa a watan Agusta ne.

Waɗanda ido ke gani

Na farko ita ce kwarkwatar kifi, wadda masana ke kira Argulus. In ka ɗago karfasa ko tarwaɗa ka ga wani ɗan abu falle, mai kewaye, girmansa bai kai ƙwayar wake ba, launinsa kamar na ruwa, yana zamewa a kan fata in ka kai yatsa, to ita ce. Tana da mamatsa biyu a ƙarƙashinta da take manne wa kifi da su, da ɗan tsinke a baki da take huda fata. Inda ta huda sai wurin ya yi ja. Ta iya iyo sosai, don haka takan bar wannan kifi ta koma wancan yadda ta ga dama.

Ga abin da ya kamata ka riƙe game da ita: ba ta yin ƙwai a jikin kifi. Macen takan sauka ta nemi abu mai ƙarfi a cikin ruwa, dutse, ko kara, ko icce, ko cikin jirgi, ta jera ƙwanta layi-layi ta liƙe su. In ruwa na da ɗumi sukan ƙyanƙyashe cikin kwana 10 zuwa wata guda. Wannan hali nata shi ne lagonta, za mu komo kansa.

Na biyu ya fi ta mugunta. Za ka ga kamar guntun zare, tsawon santimita 1 zuwa 2, ya fito daga jikin kifi, sau da yawa a gindin fiffike ko kusa da wutsiya, wurin ya kumbura ya yi ja. Mutane sukan ce tsutsa ce, amma dangin ƙaguwa ce, sunanta Lernaea. Abin da kake gani gangar jikin macen ne kawai. Kanta yana can cikin tsoka, yana da rassa kamar ƙugiya, ya kafe. A ƙarshen zaren akwai ƴan jakunkuna biyu, ƙwai ne. Da zafin bazara, daga ƙwai zuwa uwa mai ƙwai bai fi mako uku zuwa huɗu ba. Babban kifi yana jurewa. Ɗan kifi mai tsawon yatsa kuwa, biyu ko uku sun isa su kashe shi, domin ƙugiyar takan kai har cikin cikinsa. Ƴaƴan kwaɗi ma suna ɗaukarta, ka tuna da wannan in ka ga sun cika maka rami.

Matsattsaku kuma ba sai an yi maka bayaninsa ba. Akwai irin da ke bin kifi, yana shan jini, yana kuma ɗaukar cutar jini daga wani kifi zuwa wani.

Waɗanda ido ba ya gani

Waɗannan su suka fi kashe ƙananan kifi a wurin masu kiwo. Ɗaga marfin kunnen kifi ka duba jan naman nan na ciki. Da shi kifi ke shaƙar iskar da ke cikin ruwa, shi ne huhunsa. A kifi mai lafiya ja ne wur, tsaf, sili-sili a rabe. In ka gan shi ya koɗe, ko ya kumbura, ko yauƙi ya lulluɓe shi, to akwai ƙananan ƙwari da ke cinsa, irin waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. Suna bin fata ma, sai kifi ya yi toka-toka kamar an shafa masa koko.

Guda ɗaya a cikinsu tana nuna kanta. Kifi zai fito da fararen ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri. Kowane ɗigo ƙwaro ne guda a ƙarƙashin fata. In ya ƙoshi sai ya faɗo ƙasan rami, ya rufe kansa, ya rarrabu ɗaruruwa, su fito neman kifi. Wanda bai sami kifi ba cikin kwana ɗaya ko biyu ya mutu. An fi ganinta lokacin ɗari, sa'ad da ruwa ya yi sanyi, karfasa ta daina cin abinci, ƙarfinta ya ragu. Tarwaɗa, da yake ba ta da ɓawo, ba ta jure mata ko kaɗan.

Ka lura da wani abu. Sau da yawa ba cizon ne ke kashe kifi ba, abin da ke biyo bayansa ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ramin da kwarkwata ta huda, nan gyambo ke kamawa, nan kuma farin abin nan mai kama da kaɗa ke tsirowa. Kifi mai gyambo ko bai mutu ba ya faɗi a kasuwa. Mai suya za ta juya shi ta ajiye gefe, in ta saya ma sai da ragi.

Kifi ba ya magana, amma yana nunawa. In ka ga yana goga jikinsa a bango ko a ƙasa har cikinsa na walƙiya, yana tsalle ba dalili, yana taruwa inda sabon ruwa ke shigowa, ko ya bar abinci, kamo biyar ko shida ka duba. Sai dai kada ka rikita abu biyu. Kifin da ke haki a saman ruwa da asuba, rana na ɗagawa ya nutse, iska ce ta yi masa kaɗan cikin dare: ruwa ya yi datti ko kifi ya yi yawa. Wanda ke haki har tsakar rana, shi ne za ka buɗe wa kunne.

Yadda suke zuwa

Ƙwaron kifi ba ya tashi sama, ba ya tafiya a tudu. Mu ne ke ɗaukarsa. Kowace shekara ana ɗebo irin kifi daga wani ruwa a zuba a wani tabki, ana sayen ƴaƴan tarwaɗa daga nesa a kawo su cikin jarka ko tano. Aiki ne mai kyau, ya ciyar da garuruwa da yawa. Amma duk abin da ke jikin kifin da cikin ruwan jarkar, tare aka zuba su. Haka taru ko birgin da aka fitar daga wannan tabki da safe aka jefa a wancan da marece yana jiƙe.

Kada ka ce wannan ƙaramar magana ce. A ƙasar Norwe, can arewacin Turai, an shigo da ƴaƴan wani kifi da ake kira salmon daga maƙwabta don kiwo. A 1975 aka gano sun zo da wani ƙwaron fata mai tsawon kamar rabin milimita, Gyrodactylus. Ya bazu a koguna wajen 50, ya kusa ƙare ƙananan salmon a cikinsu. Don su rabu da shi, sai da suka zuba guba a koguna da dama suka kashe kifin ciki gaba ɗaya, sannan suka sake zuba sabon iri. Ƙasa ce mai kuɗi da masana. Mu da tabkin gari guda ne abin dogaronmu fa?

Kifin teku ma bai tsira ba. Masu kiwon salmon a cikin teku babbar damuwarsu kwarkwatar teku ce, har sukan zuba wasu ƙananan kifaye su riƙa tsince ta. Wata dabararsu kuma ita ce su yi wa kifin wanka da ruwan daɗi, domin ƙwaron da ya saba da ruwan gishiri ba ya jure ruwan da babu gishiri. Namu akasin haka ne, shi ya sa gishiri ya zama maganinmu. Af, in uwargida ta sayi kifin kwali mai ƙanƙara ta tarar da wani farin ƙwaro mai ƙafafu kwance a bakinsa, na teku ne, ta cire ta jefar. Kifin lafiyarsa lau.

Abin da za ka yi

Sabon kifi kada ya shiga raminka ranar da ya iso. Ajiye shi daban mako biyu zuwa uku kana dubawa. Ruwan da ya zo da shi a zubar a tudu, nesa da rami.

Wankan gishiri kuwa ga yadda ake yi. Raba kilo guda na gishirin miya kashi biyar. Kashi ɗaya, wato giram 200, ka narkar da shi cikin lita 10 na ruwan da kifin ya saba da shi. Sa karfasa a ciki kamar minti 10, kana tsaye a kanta. Da ka ga ta fara kifewa, fitar da ita nan take ka mai da ta ruwa mai kyau. Tarwaɗa da ƙananan ƴaƴan kifi ba su da juriyar karfasa, a ba su rabin wannan gishiri. Fara gwadawa da kifi uku ko huɗu kafin ka sa sauran, kuma da sanyin safiya. Gishiri aka ce, ba kanwa ba. Kanwa ƙone huhun kifi za ta yi.

Gaskiya ita ce gishiri ba ya maganin kome da kome. Yana kakkaɓe ƙananan nan na fata da na huhu, yana sa matsattsaku ya saki. Mai fararen ɗigo tana ɓoye ƙarƙashin fata, wanka ɗaya ba ya isa gare ta. Ita sai a bar gishiri kaɗan cikin ramin siminti, giram 3 a kowace lita, har kwana 10, don ya kashe ƴaƴan da ke fitowa. Mai ƙugiya kuma, uwar da ta riga ta kafe ba ta jin gishiri. In manyan kifin iri ne ƴan kaɗan, a cire ta da hantsaki a hankali har da kan. In ƙanana ne da yawa, a tsame waɗanda ta kama.

Kwarkwata kuma a kama ta ta wajen ƙwanta. Kakkafa sanduna ko guntayen katako cikin rami. Can za ta je ta jera ƙwai. Kowane mako ka tumɓuke su ka shanya a rana, ka kafa wasu. Kada ka wuce mako, in ba haka ba ka gina mata ɗakin haihuwa ne da hannunka.

Rana ita ce babban maganin da ba a saye. Bayan ka kwashe kifi, bar ramin ya bushe har ƙasa ta tsattsage, mako biyu. Inda ruwa ya ƙi ƙafewa a barbaɗa laso. Taru, koma, bokiti, duka su bushe ƙayau kafin su shiga wani ruwa. Bakin hanyar da ruwa ke shigowa a ɗaura masa raga mai ƙananan ido, don kifin daji kada ya biyo.

Babban tabki kuwa babu mai iya yi masa wankan gishiri. Abin da ke hannunku shi ne yawan kifin. Ku zauna da sarkin ruwa da ma'aikatan ruwa da daji ku tsai da lokacin su, a rage manyan kifi tun ruwa bai ƙafe ba, a sayar da su suna da ƙiba. Wanda ya rage ya sami wurin numfashi. Kifin da ya mutu yana yawo a baki a tsame a binne.

Sai gargaɗi, da babbar murya. Akwai masu cewa tunda ƙwaro ne, a zuba masa maganin feshin wake ko na kaɗa. Kul! Waɗannan magunguna sun fi kashe kifi a kan ƙwaron. Abin da ya rage a gindin gwangwani ya isa ya juye cikin kifin rami guda sama. Maganin nan endosulfan, da aka daɗe ana fesa wa kaɗa, ƙasashen Sahel sun hana shi tun 2007, kuma kashe kifi na cikin laifuffukansa. Ko famfon feshi kada a wanke a bakin tabki. Ruwan nan shi dabbobinku ke sha, cikinsa yaranku ke wanka.

Ana yawan tambaya ko waɗannan ƙwari suna kama mutum. Kwarkwatar kifi da mai ƙugiya da mai fararen ɗigo ba sa rayuwa a jikin ɗan Adam. A kankare, a yanke wurin gyambon, a dafa ko a soya ya nuna sosai, a ci. Wanda aka tarar ya mutu da kansa shi ne ba a ci, balle wanda ake zaton magani ya kashe.

In abin ya fi ƙarfinka za ka kai wa ma'aikacin kifi na yankinku ya duba, kai masa kifi mai rai cikin bokiti da ruwan ramin, uku ko huɗu daga cikin waɗanda suka fi jin jiki. Kifi na mutuwa ƙwarin ke watsewa su bar shi, mushe ba zai nuna masa kome ba. Ka faɗa masa ranar da abin ya fara, da inda ka samo irin, da kifi nawa ke mutuwa kowace safiya.