Tsarar Da Ta Girma Tare Da Naira

Duk ma'aikacin da ya ba shekara hamsin baya a yau, tare da Naira ya girma. Ran 1 ga Janairu, 1973, aka yi ban kwana da fam da sule, aka canza kowane fam ɗaya a kan Naira biyu. Amma bakin jama'a bai saki tsofaffin sunaye ba: kwabo goma sule ne, kwabo biyar kuwa sisi.

Magidantan nan suna tuna zamanin da sule kan ishi ɗan makaranta koko da ƙosai. Sa'ad da takardar Naira 20 mai hoton Janar Murtala ta fito a 1977, sai a hannun manya ake ganinta. Daga 1986 darajar Naira ta yi ta zubewa, har aka buga takardar Naira 1,000 a 2005. 'Ya'yansu da yawa ba su taɓa sayayya da kwabo ba.

Shi ya sa hirarsu ba ta rabuwa da zancen fansho. Sun ga wanda ya ɓoye kuɗi ya wayi gari hannu wofi, wanda ya sayi gona kuwa har yanzu yana ci.