Sauya Gwiwa: Hannun Likita Ko Na Mutum-Mutumi?

Daga Kafanchan zuwa Kagoro, Zonkwa, Kwoi da Kachia, da wuya a ratsa unguwa ba a tarar da dattijo ko dattijuwar da ciwon gwiwa ya zaunar ba. Waɗansunsu tsofaffin ma'aikatan reluwe ne, domin tun shekarar 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa, kuma aikin layin dogo ba ya barin gaɓoɓin mutum lafiya. Mafi yawansu kuwa manoma ne, musamman mata, waɗanda suka shekara talatin ko arba'in suna hawa tudu suna gangarawa da dammunan itace da buhunan citta. Idan ciwo ya kai inda magani ya daina aiki, sai likita ya ambaci sauya gwiwa, 'ya'yan da ke aiki a Kaduna ko Abuja ko Ikko su shiga haɗa kuɗi. A nan ne suke cin karo da tambayar da ba a san ta ba a zamanin iyayensu, watau ko a yi aikin yadda aka saba, ko kuwa a nemi inda ake yi da mutum-mutumi, kamar yadda dillalan asibitocin waje suke talla.

Cutar dai ita ce amosanin gaɓɓai, wadda jama'a suka fi kira sanyin ƙashi, ko da yake sanyi ba shi ne sanadinta ba. Akwai guringuntsi mai santsi da ya lulluɓe bakin ƙashin cinya da na ƙwauri a inda suka haɗu. Shekaru, da nauyin jiki, da tsohon rauni, da gado, su suke cinye shi sannu a hankali, har ƙashi ya riƙa gogar ƙashi, ƙafa ta gwame ko ta baƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne suke fama da wannan cuta, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kashi 60 cikin ɗari mata ne. Ba kowane mai ciwon ne yake bukatar wuƙa ba. Rage ƙiba, da motsa jiki, da dogara sanda, sukan jinkirta aikin shekaru, tun da yake kowane kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku.

Sunan aikin yakan tsorata mutane fiye da kima, don ba a cire gwiwa ɗungurungum. Likita yana shafce bakin ƙasusuwan da suka lalace ne, kaurin da bai kai faɗin yatsa ba, ya sa wa na cinya hular ƙarfe, ya shimfiɗa wa na ƙwauri faranti, ya sanya roba mai tauri a tsakani, yawanci ya liƙe su da wani siminti na musamman. Dabarar ta tsufa. Wani likitan Jamus, Themistocles Gluck, ya jarraba ta da hauren giwa a shekarar 1890, ƙwayoyin cuta suka ɓata masa aiki. Irin gwiwar da aka dogara da ita a yau ta samo asali ne daga wadda John Insall da abokan aikinsa suka fara sawa a birnin New York na Amurka a 1974. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kimanin kashi 82 cikin ɗari na irin waɗannan gwiwoyi suna nan daram bayan shekara 25, kuma kusan dukkansu da hannu aka yi su.

A aikin hannu, likita yana amfani da sandunan awo da ƙarafan jagora da yake kafawa a jikin ƙashi, ya bi su da zarto, sa'an nan ya gwada tsaurin jijiyoyi da hannunsa da idonsa. A ɗaya hanyar kuwa, kalmar mutum-mutumi tana ruɗin jama'a ƙwarai. Ba wani ƙarfe ne mai siffar mutum yake yin fiɗa likita yana gefe yana kallo ba. Hannu ne na inji haɗe da kwamfuta. Na'urar Mako, wadda kamfanin Stryker ya saya a 2013 ya kuma bazu da ita wajen sauya gwiwa gaba ɗaya daga 2017, tana bukatar a ɗauki hoton ƙashi mai zurfi tun kafin ranar aiki, kwamfuta ta zana taswirar gwiwar. Ranar aiki likita ne yake riƙe da zarto, amma in ya nufi ƙetare iyakar da aka shata sai injin ya tsaya. Na'urar ROSA ta kamfanin Zimmer Biomet, wadda aka amince da ita a Amurka a 2019, ita tana saita ƙarfen jagora ne, likita ya yanka. A duka biyun sai an huda ƙashin cinya da na ƙwauri an kafa ƙusoshi masu ɗauke da alamun da idon na'urar yake bi. Tsawon yankan fata kusan ɗaya ne da na aikin hannu, ƙarfe da robar da ake sawa su ma irinsu ɗaya.

Babu gardama cewa na'ura ta fi hannu daidaita yanka. Hotunan da ake ɗauka bayan aiki suna nuna haka, kuma waɗansu nazarce-nazarce sun sami ragin zafi a kwanakin farko. Amma abin da ya dami mai gwiwa shi ne ko zai fi tafiya, ko kuma gwiwar za ta fi daɗewa, kuma a nan maganar ta sha bamban da ta masu talla. A Koriya ta Kudu likita Kim Young-Hoo da abokansa sun raba marasa lafiya fiye da dubu gida biyu, rabi da na'ura rabi da hannu, suka bi su kimanin shekara 13. Sakamakon da suka buga a 2020 bai nuna bambanci ba, ko a ciwo, ko a tafiya, ko a ƙarkon gwiwar. Gaskiya ne cewa tsohuwar na'ura ce suka yi aiki da ita, ROBODOC, wadda aka fara gwadawa a kan ɗan Adam tun 1992, kuma masu sababbin suna cewa nasu sun fi. Mai yiwuwa ne. Sai dai sababbin ba su kai shekarun da za a yi musu irin wannan shaida ba tukuna. Har ila yau kimanin mutum ɗaya cikin biyar da aka sauya wa gwiwa yakan ce bai gamsu sarai ba, kuma ba a tabbatar cewa inji ya kawar da wannan ba.

To, ga mutumin Kafanchan lissafin yana da wata fuska. Wanda ya nace sai na'ura, yawanci tafiya ce ta kama shi zuwa Indiya ko Misira ko Dubai, da kuɗin jirgi na mutum biyu, da masauki, da biyan asibiti da dala, alhali tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 kowace dala ta ƙara nauyi. Bayan mako biyu ko uku a sallamo shi, ya yi doguwar tafiya a zaune, wadda ita kanta tana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa. In rauni ya soma tsatsar ruwa a mako na biyar, likitan da ya yi aikin yana bayan teku. Aikin hannu kuwa ana yinsa a gida. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa tun 1959, yana yi, ga kuma asibitocin koyarwa na Shika a Zariya da na Jos inda likitocin ƙashi suke, Jos kuwa ba ta da nisa da Kafanchan. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta karɓi babban asibitin Kafanchan, mai ɗauke da sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, don mai da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya, abin da jama'ar yankin suka daɗe suna nema.

Saboda haka tambayar da ta fi cancanta a yi wa likita ba ta inji ba ce. A tambaye shi gwiwa nawa yake sauyawa a shekara, nawa ne suka kamu da ƙwayoyin cuta, wane kamfani ne ya ƙera ƙarfen da zai sa, kuma wa zai duba majiyyaci in matsala ta taso da dare. Ƙwararre mai na'ura a hannu abin so ne ga mai hali. Amma iyalin da suka sayar da gona don biyan kuɗin inji, har ba a bar na gashi da magani da komawa asibiti ba, sun sayi doki ne sun rasa kuɗin ciyawa.

Domin kuwa rabin aikin yana bayan an fito daga ɗakin fiɗa. Akan tashi majiyyaci ya taka ƙafar a ranar ko washegari, da ƙarfen dogarawa, a cire ɗinki wajen mako biyu, a kuma ba shi maganin hana jini daskarewa. Daga nan sai gashi, kuma wajibi ne a fahimci kalmar. Gashin asibiti motsa gaɓa ne bisa ƙa'ida: miƙe ƙafa sarai, lanƙwasa ta, ɗaga ta don ƙarfafa naman cinya, sau da yawa kowace rana, ko da zafi. Ba ruwan zafi ba ne da tsumma, ba kuma murzar mai ɗori ba. Masu ɗori suna da matsayinsu a idon jama'a, amma gwiwar ƙarfe ba hurumin su ba ce, kuma tsaga ko shafa wani haɗi a kan raunin yana iya shigar da ƙwayar cuta har jikin ƙarfen. In haka ta faru, sau da yawa sai an cire shi an sake sabon aiki, wanda ya fi na farko tsada da wahala. Ana so gwiwa ta lanƙwashe digiri 90 cikin makonnin farko. Wadda aka bari ta sandare har wata uku, da ƙyar take sakewa, wani lokaci sai an sa mutum barci an lanƙwasa ta da ƙarfi.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa wa dattijo tun kafin ya sa hannu a takarda. Yawancin gwiwoyin ƙarfe suna tsayawa ne tsakanin digiri 110 da 125, ko da inji aka sa su ko da hannu. Wannan ya isa tafiya, da hawa matakala, da tashi daga kujera. Amma tsuguno, da zaman tahiya, da zama a kan tabarma, suna bukatar fiye da haka nesa. Musulmi da yawa sukan koma yin salla a kan kujera, Kirista kuma yakan ji durƙuso a coci yana yi masa wuya, ko da yake durƙuson ba ya ɓata ƙarfen. Masai na tsuguno shi ne babban cikas a ƙauye, don haka a sa kafinta ya ƙera kujera mai rami da madafa kafin majiyyaci ya dawo gida, a ɗaga masa gado, a kuma gyara santsin tsakar gida, musamman da yake damina a wannan yanki tana da tsawo. Hawa acaba a kan hanya mai gargada ba na watannin farko ba ne.

Kafin aiki ma akwai shiri. Mai ciwon sukari sai ya daidaita shi, mai ruɓaɓɓen haƙori ko gyambo sai an warkar, mai shan taba ya bari. Wanda aka yi wa allura a cikin gwiwa ya faɗa wa likita, domin akan jira wata uku bayanta. Haka kuma a kai wa likita dukan ƙwayoyin da ake saye a kemis ko a hannun masu talla a kasuwa, saboda shekarun da aka yi ana shan su sukan taɓa ƙoda da ciki.

Kumburi da ɗumin gwiwa sukan ɗauki watanni, cikakken sauƙi yakan kai shekara. Amma zazzaɓi tare da jan rauni ko fitar mugunya, ko kumburin sha-raɓa mai zafi, ko numfashi ya riƙa sarƙewa, waɗannan ba a kwana da su a gida. Manomi yana iya komawa gona bayan wata uku zuwa shida, ya zaga, ya duba masu aiki, ya yi abin da ake yi a tsaye. Huɗa da garma da ɗaukar buhun citta daga gona zuwa bakin hanya, waɗannan sai a bar wa yara.