Taurin Katifa da Kwanciyar Ma'aurata

A Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, iyayen amarya ne kan sayi katifa cikin kayan ɗaki, sau da yawa ta soso irin ta Vitafoam da ake shigowa da ita daga Najeriya, kuma kauri da farashi ake dubawa, ba yadda ma'auratan ke kwanciya ba. Wannan kuskure ne, domin mai kwanciya da gefe yana bukatar laushin da kafaɗa da ƙugu za su ɗan nutse a ciki har ƙashin baya ya miƙe, alhali mai rigingine, balle mai rubda-ciki, yana bukatar taurin da zai hana tsakiyar jikinsa lotsawa.

Tauri, wato yadda soso ke tokare jiki, daban yake da kauri. Wani bincike da aka wallafa a 2003 kan masu ciwon baya a Sifaniya ya nuna katifa mai matsakaicin tauri ta fi mai tsananin tauri rage ciwo. Idan bukatun ma'auratan suka saɓa, mai matsakaicin taurin ya kamata a zaɓa, a shimfiɗa siririn soso a ɓangaren mai kwanciya da gefe.