Kama Da Wane Ba Ta Wane: Baƙar Robar Da Muke Dogaro Da Ita

Duk wanda ya saba bin Titin Zariya ta Gyadi-Gyadi, ko ya kutsa lungunan Tarauni da Unguwa Uku, zai ga yadda baƙar roba ta shiga kowace sana'a. Tana ƙarƙashin janareta don rage jijjiga, tana tsakanin bakin famfon rijiyar burtsatse da bututu don hana yoyo, tana juya injin niƙa, tana kuma shimfiɗe a gaban akwatin wutar lantarki na gidajen biredi da masana'antun ruwan leda. Sai dai mafi yawanmu da ido muke sayenta: in dai baƙa ce mai kauri, shi ke nan. Wannan sakaci na cin dukiya, wani lokaci har da rai.

Asalin roba ƙaro ne da ake tatsa daga itace, irin wanda ake nomawa a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba. Ɗanyenta na yin danƙo in an yi zafi, ta sandare in an yi sanyi. A shekarar 1839 ne Ba'amurke Charles Goodyear ya gano cewa dafa ta da farar wuta na sa ta jure yanayi. Daga baya masana suka ƙirƙiro robobi daga sinadaran man fetur, kowace da aikin da ta dace da shi.

Faifan robar masana'antu da ake kira mai ƙarfafawa shi ne wanda aka saka wa shimfiɗar zare a tsakiya, na auduga ko nailan ko foliyesta. In ka yanka gefensa za ka ga zaren kwance kamar layi. Amfaninsa shi ne hana robar miƙewa da yagewa idan aka ɗaure ta da noti ko ruwa ya matsa mata. Ita robar tana toshe kafa, shi kuwa zaren yana riƙe siffa, kamar yadda rodi ke riƙe kankare.

To amma zare ba ya sauya halin robar da aka lulluɓe shi da ita. Robar itace da 'yar'uwarta SBR suna jure guga da nauyi, sai dai man fetur da gas da baƙin mai na kumbura su har su ruɓe. Wadda ke jure mai ita ce naitaril. Wadda ke jure rana da ruwan zafi kuwa ita ce EPDM, amma ita ma ba ta shiri da mai. A gari irin Kano, inda zafin watan Afrilu kan kai digiri 40, robar da ba a yi don rana ba kan tsattsage tun ba a ci moriyarta ba. Saboda haka bakaniken da ya yanko tsohon tif ɗin taya ya toshe bakin tankin gas bai yi wa mai injin gata ba. Ya dai ɗaga masa ranar yoyo ne, kuma yoyon mai kusa da inji mai zafi ƙofar gobara ce.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne na lantarki. An ɗauka cewa kowace roba na tare wuta, alhali abin da ke sa roba ta yi baƙi wani gari ne mai kama da kunkunniya, wanda ake zubawa don ƙara mata ƙarfi, kuma idan ya yi yawa yakan bar wuta ta ratsa. Wasu tsofaffin bel na manyan masana'antu ma wayar ƙarfe ce a cikinsu, haka nan tayoyin mota na zamani. Wanda ya shimfiɗa irin wannan a gaban akwatin wuta ya tsaya a kai, ya dogara ne da abin da ba zai kare shi ba. Tabarmar lantarki ta gaskiya tana da ƙa'idar duniya mai lamba IEC 61111, wadda ta raba ta aji-aji: mafi ƙanƙanta na aikin da bai wuce bolt 1,000 ba, mafi girma har 36,000, kuma ana buga ajin a jikinta.

Me ya sa muka dogara da ragowar kayan wasu? Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, sarrafa roba a ƙasar nan ya ja baya. Muna fitar da ɗanya, muna sayo sarrafaffiya da tsada, don haka ƙaramin mai sana'a ke komawa ga abin da aljihunsa zai iya. Ba a zarge shi ba, amma araha ba ta ado.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Mai saye ya tambayi kansa abu uku kafin ya biya: me robar za ta taɓa, ruwa ko mai ko wuta? Wane zafi za ta sha? Wane nauyi za ta ɗauka? 'Yan kasuwar Ƙofar Ruwa da sauran dillalai su riƙa rubuta nau'in kowane faifai a jikinsa. Hukumar SON ta sa ido kan tabarmin lantarki da ake shigowa da su. Ƙungiyoyin makanikai da masu haɗa wuta na Tarauni kuma su sanya wannan darasi cikin abin da ake koya wa yaran shago, domin su ne ke tsayawa a kan robar nan kullum, su ne kuma wuta za ta fara samu idan ta gaza.

Allah Ya kare mana masu neman halak ɗinsu.