Littafin Waƙoƙin da Uba Ya So Ya Ƙona

Wata rana bayan sallar Magariba a nan Ƙofar Rini, wani magidanci ya jira har jama'a suka watse, sannan ya zaro wani littafin rubutu daga aljihunsa. Ya ce: "Malam, ɗiyata ce ta kama rubuta waƙa. Na yi niyyar ƙona shi, sai na ce bari in fara tambaya." Na buɗe, na tarar da baitoci masu amsa-amo: wasu a kan rasuwar kakarta, wasu a kan haƙurin mahaifiyarta. Na ce masa: "Alhaji, da ka ƙona wannan, da ka ƙona gadon garinmu."

Tsoron wannan bawan Allah yana da dalili. Yau a tafin hannun yaro akwai fina-finan Indiya da na Turkiyya da waƙoƙin ƙasashen da bai san sunansu ba, kuma da yawa ba su dace da gidan Musulmi ba. Sai dai tsoro kaɗai ba ya yanke hukunci a shari'a.

Ƙarshen Suratush Shu'ara'i ya zargi mawaƙan da ke faɗin abin da ba su aikatawa, amma ya keɓe masu imani da aiki nagari. Hassanu bn Sabit ya kare Manzon Allah (SAW) da waƙa, Manzo kuma ya ƙarfafa masa guiwa. Ka'abu bn Zuhair ya zo da tubarsa cikin ƙasida, aka karɓa. Daga nan malamai suka fitar da ƙa'ida: waƙa zance ce, ana auna ta da abin da ta ƙunsa. Kayan kiɗa kuwa nan ne aka yi saɓani. Mafi yawan malaman mazhabobi sun tsananta, tare da sassauci ga mandiri a lokacin aure da idi, yayin da Ibn Hazm da Imam Gazali suka faɗaɗa. Wajibi ne ɗalibi ya raba waɗannan mas'aloli biyu.

Mu mutanen Sakkwato ba mu da uzurin jahiltar wannan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754–1817) ya rubuta wa malamai littattafai da Larabci, amma makiyayi da manomi da waƙar Fulfulde ya kai musu tauhidi. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu ya tara ƙasidunsa a Tazyinul Waraƙat. Isa ɗan Shehu ya mayar da Ma'ama'are zuwa Hausa, Nana Asma'u (1793–1864) kuma ta mayar da Tabbat Haƙiƙa, ta kuma tsara Waƙar Gewaye a kan tarihin hijira da jihadin mahaifinta.

Aikin Nana bai tsaya ga takarda ba. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa dattijuwa a matsayin jaji, ta ba ta malfa alamar izini. Jajin ta haddace waƙoƙin, ta koma ƙauye ta koyar da matan da ba su iya karatu ba: tsarki, salla, tarihin Annabi, zaman aure. Mace tana daka tana rerawa, ilimi yana shiga. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a Amurka, ana nazarinsu a jami'o'i, alhali 'ya'yanmu da ke wucewa ta Hubbare kullum ƙalilan ne za su iya kawo sunan waƙarta ɗaya.

Haka abin yake a sauran duniyar Musulunci. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu aikin Alfazazi ce, mutumin Andalus. Burda kuma ta Busiri ce daga Masar. Sun ƙetare Sahara sun zama namu. A Zariya, Malam Aliyu Namangi, duk da rashin gani, ya bar mana Imfiraji. A fagen fim ma, Mustafa Akkad ya fitar da Arrisala a 1976, ya ba da labarin farkon Musulunci ba tare da nuna Manzo (SAW) ko jiyar da muryarsa ba. A gida kuma an mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa fim. Ashe kayan aiki ba su da laifi a karan kansu. Wuƙar da ke yanka layya ita ke yanka ɗan'uwa.

Sunan unguwarmu ma wa'azi ne. Marini ya san farin ƙyalle ba ya fita daga karofi yadda ya shiga. Zuciyar yaro haka take: dole ta rinu, abin tambaya shi ne a wace marina. Uban da ya hana komai bai kawo madadi ba, ya bar wa waya aikin rinin.

Saboda haka ina ba iyaye shawara uku. Ku zauna ku kalli abin da yara ke kallo, ku tambaye su: me wannan yake kira gare shi, me ya sa ka bari na wajibi, da wane hali ka tashi? Ku nemo musu waƙoƙin magabata, ko da baiti biyar a mako bayan karatun allo. Ɗalibai kuma su ziyarci Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, su koyi karanta ajami, domin rubutun da babu mai karanta shi daidai yake da wanda gara ta cinye.

Magidancin nan ya mayar da littafin aljihu. Na roƙe shi ya kai ɗiyarsa wurin malama ta koya mata ma'aunin waƙa tare da fiƙihu, ya kuma saurari baitocin da ta yi wa mahaifiyarsa. Ya yi shiru, sannan ya ce bai san da su ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa harsunansu su zama shaida gare su ranar gobe. Amin.