Ƴan cin rani na sama sun kama hanya: wa zai ƙidaya su a Damana?

Daga tsakiyar watan Maris zuwa ƙarshen Afrilu, lokacin da sanyi ya kau, zafin bazara ya kankama, akwai baƙin da ke barin ƙasar Kurfai da Tondikandiya ba tare da sallama ba. Baƙin nan tsuntsaye ne masu farauta, dangin shaho da shirwa. Kamar yadda samarinmu ke zuwa cin rani kurmi su komo gida gab da damina, haka su ma suke cin raninsu a wurinmu, sannan su koma Turai domin yin sheƙa da ƙyanƙyasa.

Duk wanda ya saba bin hanyar Yamai zuwa Filinge, ta Baleyara da Damana, zai yi wuya bai taɓa ganin ɗaya daga cikinsu ba: wani siririn shaho mai dogayen fukafukai, wanda Faransawa ke kira busard cendré. Namijin launin toka gare shi, macen kuwa ruwan ƙasa. Nauyinsa wajen giram 300 ne kacal. Yakan yi shawagi ƙasa-ƙasa bisa gonakin da aka girbe, yana duban abin da ke motsi cikin ciyawa. Mafi yawan abincinsa a nan Sahel fara ce. Wanda ya ga ɓarnar da fara ta yi a 2004, da yunwar da ta biyo baya a 2005, ba sai an gaya masa darajar ma'aikacin da ke cin fara wata da watanni ba tare da albashi ba.

Tun daga 2005 masu bincike na ƙasar Holand, ƙarƙashin jagorancin Ben Koks, suka soma ɗaura wa waɗannan tsuntsaye ƙaramar na'ura a baya, wadda ke nuna inda suke ta hanyar tauraron ɗan Adam. Da haka aka gane cewa yawancin na yammacin Turai suna sauka Senegal, Muritaniya da Mali, na gabashin Turai kuwa sun fi karkata wajen Nijar, arewacin Najeriya da Cadi. Tafiyar takan kai kimanin kilomita 5000, har da ƙetare Sahara, kuma tsuntsu kan koma wurin da ya saba kowace shekara. Wani bincike na 2016 ya nuna cewa waɗanda suka ƙare raninsu a wuri mai fari, inda fara ta yi ƙaranci, sukan daɗe suna neman abinci, su makara wajen tashi. Ke nan guzurin da aka yi a filayenmu yana da hannu cikin abin da zai faru a sheƙa can Turai.

A can ƙetare, ƙidayar waɗannan matafiya aiki ne na kowace shekara. Dalili shi ne, manyan tsuntsaye masu faɗin fiffike ba su cika kaɗa shi ba: iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi suke hawa, su yi ta kewaya har su yi nisa sama, sannan su sulalo gaba. Irin wannan iska ba ta da ƙarfi bisa teku, saboda haka suke taruwa inda ruwa ya ƙuntata: mashigin Jibraltar mai faɗin kilomita 14 tsakanin Maroko da Sipaniya, Kap Bon a Tunisiya, da mashigin Mesina a Italiya. A nan masu sa kai ke zama bisa tudu tun safe da madubin hangen nesa da littafi, suna rubuta iri da adadi da lokaci. A Eilat ta Isra'ila an ƙidaya fiye da miliyan ɗaya cikin bazarar 1985 kaɗai.

Sai dai shahonmu mai cin fara bai dogara da waɗannan mashigai ba. Yana iya kaɗa fiffike ya ratsa teku ta wurare da dama, don haka da yawa sukan wuce ba a gan su ba. Wurin da ya fi dacewa a san yawansa shi ne inda ya fi daɗewa, wato nan.

An taɓa yin irin wannan ƙidaya a ƙasarmu. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Nijar, Mali da Burkina Faso a mota tsakanin 1969 da 1973 yana ƙidaya duk tsuntsu mai farauta da ya gani, ya kuma sake bin su a 2003 da 2004, tsawon kilomita 8353. Sakamakon ya tayar da hankali. A wajen gandun dajin da ake karewa, manyan ungulaye irin su mikiya sun ragu da kashi 98 cikin ɗari, wasu irin gaggafa huɗu sun ragu da kashi 86 zuwa 93, shahon nan mai cin fara shi ma ya ja baya ƙwarai. Ruwa ba ya tsami banza: saran itace, faɗaɗa gonaki, maganin ƙwari da guba, da farauta, duk suna ciki. A 2014 wata farar ungulu da aka sa wa na'ura a ƙasar Girka ta ci raninta a Nijar, amma wani mafarauci ya harbe ta a arewacin Najeriya.

Damana tana cikin Dallol Boso, kwari mai dausayi da gonaki, da duwatsu a gefe inda iska mai zafi ke tashi. Wuri ne da ya dace da kallon sama. Rashin tsaron da jahar Tilaberi ta sha fama da shi ya rage zuwan masu bincike daga waje. Aikin ya rage ga ƴan gida. Ba ya kuwa bukatar dukiya. Malamin lakwal da ɗalibansa, ma'aikacin gandun daji, ko ɗan kasuwa mai bin hanya ɗaya kowane mako, kowa na iya rubuta kwanan wata, lokaci, wuri, kilomita nawa ya yi, da tsuntsaye nawa ya gani. Sharaɗin ɗaya ne: hanya guda, lokaci guda, shekara bayan shekara. Ko ranar da ba a ga kome ba a rubuta, domin ita ma shaida ce.

Ɗan kasuwar da ba ya ƙidaya hajarsa ba ya sanin faɗuwa sai kanti ya zama wayam. Kowa a Kurfai ya san ranar da shamuwa ta iso, domin albishirin damina take kawowa. Ya kyautu mu san ranar da mai cin fara ya tashi, mu kuma san ko nawa suka komo bayan kaka.